Kimiyya a Tsakar Gida: Yadda ake sauya giyabos ɗin tsohuwar mota

  A wannan makon ƙarƙashin mota za mu leƙa, domin mu ga yadda ake cire giyabos, wato akwatin giya, idan ya gaji, a kuma ɗaura wani, ba tare da an ja motar zuwa gareji ba.

Wani zai ce ina ruwan ɗan sakandare da giyabos? Ruwansa da yawa. A gidaje da dama tsohuwar motar da ke ƙofar gida ita ce ke kawo cefane da kuɗin makaranta, ranar da ta kwanta kowa sai ya ji a jikinsa. Idan Baba ko yaya ya kira bakanike gida, ko kuma shi da kansa ya iya aikin, ku ne za a ce ku miƙo sufana, ku riƙe tocila. Yaron da ya san abin da ake yi yana iya kare aljihun gidansu, wani lokaci ma ya kare ran wanda ke kwance a ƙarƙashin motar. Ban da haka, duk abin da ke cikin giyabos yana cikin darasin injuna da ake koya muku a Fiziks.

Za mu ɗauki misali da motar da kowa ya sani, Fijo 504. Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da ita a 1968, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita shekaru masu yawa bayan an daina yin ta a Turai. Shi ya sa har yau ake ganin ta a tashoshi da hanyoyin kasuwannin ƙauye. Injinta yana gaba, tayoyin baya ne ke tura ta, giyabos kuma yana manne a bayan injin.

Mene ne aikin giyabos?

Injin mota yana da gudu, amma ƙarfin murɗawarsa shi kaɗai bai isa ya tayar da mota daga tsaye ba. Injin da ke juyi 3,000 a minti ɗaya yana juyi 50 ke nan a kowace daƙiƙa. Aikin giyabos shi ne ya karɓi wannan gudun ya musanya shi da ƙarfi.

Ku ɗauki faifai biyu masu haƙora da suka ciji juna, ƙaramin yana da haƙora 12, babban yana da 36. Sai ƙaramin ya juya sau uku kafin babban ya juya sau ɗaya. Gudu ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin murɗawa kuma ya ninka kusan sau uku. Mun ce kusan, saboda gogayya tana cinye wani kaso ta mayar da shi zafi. Duk wanda ya taɓa hawa tudu da keke mai giya ya san wannan a cinyarsa.

A giya ta ɗaya, inji yana juyi sau uku da rabi ko sama da haka kaɗan kafin sandar da ke fita daga giyabos ta juya sau ɗaya. Aksul ɗin baya kuma yana ƙara rage gudun kusan sau huɗu. Idan kun haɗa lissafin, inji yana juyi wajen sau 14 kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Da haka mota ke tashi da kaya niƙi-niƙi. A giya ta huɗu kuwa, sandar shiga da sandar fita haɗewa suke yi su zama kamar sanda ɗaya, juyi ɗaya a nan, juyi ɗaya a can. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba. Ribas yana samuwa ne ta hanyar cusa ƙaramin faifai na uku tsakanin biyu, sai juyin ya koma baya.

Akwai kuma wasu zobba na tagulla da kanikawa ke kira sinkiro. Su ne ke daidaita gudun faifai biyu kafin haƙoransu su haɗu, domin giya ta shiga salin-alin. Kuloci kuma shi ne ke raba inji da giyabos na ɗan lokaci idan direba ya taka shi.

A fara gano cutar tukuna

Babbar asarar da ake yi a wannan aiki ita ce a sayi giyabos alhali shi ba shi da laifi. Kowace matsala tana da alamarta.

Idan an taka totur inji yana ihu amma mota ba ta ƙara gudu, ga kuma warin ƙauri, faifan kuloci ne ya cinye. Idan giya tana shiga sumul lokacin da inji yake kashe, amma da zarar an tayar da shi duk giyoyin su ƙi shiga, kuloci ne ba ya saki sosai. Kulocin 504 da mai yake aiki, saboda haka sai a fara duba ko man ya ragu ko yana yoyo. Idan sandar giya ta yi lakaf-lakaf, sau da yawa robobin da ke gaɓoɓinta ne suka mutu, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Alamun da ke nuna giyabos ɗin kansa daban suke. Ƙarar “ƙurrr” a duk lokacin da za a sa giya guda, musamman ta biyu, tana nufin sinkiro ɗin wannan giyar ya suɗe. Giyar da ke fita da kanta ana cikin tafiya tana nuna haƙora ko cokalin da ke tura su sun ci. Kukan da ake ji a giya ta ɗaya da ta biyu da ta uku, amma ya lafa a ta huɗu, yana nuna boris ɗin sandar ƙasa, domin a ta huɗu ƙarfi ba ya bi ta kanta. Ga wani gwaji mai sauƙi: a bar mota a firi inji yana aiki. Idan akwai ƙara, aka taka kuloci ta ɗauke, daga cikin giyabos take. Idan kuwa sai an taka kuloci ƙarar ke tasowa, boris ɗin kuloci ne. Shaida ta ƙarshe tana cikin mai. A tsiyaye shi a kwano mai tsabta a duba. Ɗan ƙyalli kamar gari ba abin tsoro ba ne a tsohuwar mota, amma ɓarɓashin ƙarfe da za a iya tsinta da yatsa yana nufin wani abu ya karye a ciki.

Sayen wanda za a ɗaura

Yawanci na hannu ake saye, wanda ake kira ɗan Beljiyam, a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas. Abin da ya fi shi ne a tafi da tsohon a jera su gefe da gefe. A duba ramukan ƙusoshi ko sun yi daidai, a ƙirga tsagogin da ke kan sandar gaba, a auna tsawo. Mai giya huɗu da mai giya biyar ba lallai tsawonsu ya zo ɗaya ba, haka kuma mai giyar sitiyari da mai giyar ƙasa hannuwansu sun bambanta.

A sa kowace giya da hannu, a murɗa sandar gaba a ga ta baya tana juyawa ba tare da cijewa ba. A girgiza sandar a ji ko tana wasa da yawa. A leƙa jikin akwatin ko akwai tsagewa ko alamar walda. Sannan a yi magana da mai shago a gaban shaida, a karɓi rasit, a kan cewa idan an ɗaura bai yi ba za a dawo da shi cikin kwanaki kaza. Araha ba ta ado, kuma wanda ya ƙi yarda da wannan sharaɗi ya riga ya faɗa muku ra'ayinsa a kan kayansa.

Tun da dai za a buɗe wurin, a sayo sabon faifan kuloci da boris ɗinsa da robobin da ke hana mai yoyo. Ba a kai wa gare su sai an sauke giyabos, saboda haka wanda ya bar tsofaffin don tsimi, wata rana zai sake yin aikin gaba ɗaya.

Maganar da ta fi kowace muhimmanci

Fijo 504 ta haura tan ɗaya a nauyi. Jak na ɗaga mota ne kawai, ba a yi shi don ya riƙe ta mutum yana ƙarƙashi ba. Ɗan roba ne ke tare man da ke cikinsa, idan ya fashe mota za ta sauko cikin ƙiftawar ido. Bulon siminti ma haka yake, ba ya lanƙwasa balle ya yi gargaɗi, tarwatsewa yake yi lokaci guda. Abin da ake ɗora mota a kai shi ne ƙafafun ƙarfe da aka ƙera domin wannan aiki, a kan daɓe mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe. A kan yashi ko gangare ba a yi. Tayoyin da suka rage a ƙasa a sa musu weji gaba da baya. Ku tuna burkin hannu tayoyin baya yake kamawa, idan an ɗaga baya ya tashi daga aiki. Kafin kowa ya shiga, a girgiza motar da ƙarfi daga gefe a ga ko ta zauna.

A cire kan batir na nagetif kafin a taɓa komai, domin wayar da ke zuwa kik kai tsaye take daga batir, sufana na taɓa ta wuta za ta tashi. A bar salansa ta huce. Baƙar ƙurar da ke cikin kwanon kuloci kada a hure ta da baki ko da iska. Tsofaffin faifai da yawa suna ɗauke da asbestos, wanda ke lalata huhu bayan shekaru, saboda haka da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ta. Ba a yin wannan aiki mutum ɗaya, kuma ƙananan yara a kore su daga wurin. Ku ɗalibai, matsayinku mataimaka ne. Babba wanda ya san aikin shi ke shiga ƙarƙashi. Idan kuka ga ana shirin shiga a kan jak kaɗai, ku yi magana cikin ladabi: “Baba, don Allah a dakata a sa mata ƙafa tukuna.” Faɗan minti biyu ya fi zaman makoki.

Sauke tsohon

Kafin a kwance komai, a ɗauki hoton kowace waya da kowane hannu da wayar salula. A tanadi gwangwanaye, kowane rukunin noti da nasa, a rubuta sunan wurin da aka ciro su. Wannan aikinku ne, kuma shi ke raba aiki mai kyau da wanda za a gama a ga ƙusa uku sun yi saura.

Ana fara buɗe marfin zuba mai kafin na tsiyayewa. Dalili kuwa, idan aka zubar da mai sannan aka tarar marfin sama ya cije, an shiga uku. Bayan mai ya tsiyaye, sai a cire hannuwan giya, da wayar sifidomita, da wayar fitilar ribas, da kik. Ƙaramin famfon kuloci a zare shi a ɗaure gefe da igiya ba tare da an buɗe bututunsa ba, don kada iska ta shiga. Idan salansa ta tare hanya, ita ma a sassauta ta.

A nan 504 take da halinta. A motoci da yawa farfela a fili take, a kwance ta a ajiye. A 504 ta shiga mutane kuwa, farfela tana cikin wani dogon bututun ƙarfe da ya haɗa giyabos da aksul ɗin baya, don haka sai an sassauta ɓangaren baya an ja shi baya kafin giyabos ya samu wurin fita. Wannan ne ya sa ake tallafe gangar jikin motar da ƙafafun ƙarfe. Idan a kan aksul aka ɗora ta, abin da ke riƙe da motar shi ne za a ja.

Da zarar an raba su, inji zai so ya karkata baya. A tallafe shi da jak, a sa katako tsakani don kada kwanon mai ya lotsa, a kuma lura kada fanka ta soki lagireto. Jak na biyu ya zauna ƙarƙashin giyabos. Sai a kwance ƙusoshin da suka zagaye bakinsa, a bar na sama biyu su zama na ƙarshe. A ja shi baya a miƙe har sandar gaba ta fita daga cikin kuloci gaba ɗaya, sannan a sauke. Idan aka bar nauyinsa ya rataya a kan sandar, faifan kuloci zai lanƙwashe. Bai kai buhun siminti nauyi ba, amma ya isa ya karya haƙarƙari ko ya niƙe yatsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ɗaura sabon

A duba fuskar filawil, wato babban faifan da ke bayan inji. Idan akwai tsagewa ko jiƙewar mai, a magance kafin a ci gaba. Faifan kuloci yana da gaba da baya, galibi an rubuta ɓangaren da ke kallon filawil. Dole ramin tsakiyarsa ya zauna daidai da ramin da ke tsakiyar filawil, in ba haka ba sandar giyabos ba za ta shiga ba ko da za a kwana ana turawa. Kanikawa kan ajiye tsohuwar sandar giyabos domin wannan saiti: a cusa ta, a ɗaure murfin kuloci, sannan a zare ta. Ƙusoshin murfin ana ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, har a zagaye, domin ya zauna daidai ta kowane gefe.

A shafa giris ɗan mitsitsi a kan tsagogin sandar gaba. Idan ya yi yawa zai fantsama kan faifai, sabon kuloci ya fara santsi. A sa giyabos a giya, a ɗaga shi ya yi layi ɗaya da inji, a riƙa turawa ana murɗa sandar baya a hankali har tsagogin su faɗa cikin juna. Idan komai ya yi daidai, za a ji ya zauna da kansa, bakinsa ya haɗu da na inji. Idan ya rage tazarar yatsa ya ƙi ƙarasawa, a janye a sake saiti. Kada a ce za a jawo shi da ƙarfin ƙusoshi. Bakin akwatin na alminiyam ne, tsagewa zai yi, kuɗin da aka kashe ya bi ruwa. Sauri ya haifi nawa.

Sauran aikin shi ne mayar da komai yadda aka ciro shi, ana duba hotunan nan. Wajen mai, a bi abin da littafin motar ya ce. Wasu akwatunan suna son man giya mai kauri, wasu kuma, kamar na tsohuwar 504, man inji aka rubuta musu. Inda aka ce GL-4 kada a zuba GL-5, domin sinadaran da ke cikin wasu nau'o'insa suna cin zobban tagulla. Ana zubawa mota tana daidai, har mai ya fara leƙowa daga ramin zubawa. Tsohon man a ɗura shi a galan a kai wa masu saye, kada a zuba a kwata ko kusa da rijiya.

Kafin a tayar da inji, a taka kuloci a gwada kowace giya. Bayan an sauke motar, a yi gajeriyar tafiya a layin da babu cunkoso, ana saurare. A dawo a leƙa ko akwai ɗigon mai, bayan kwana biyu kuma a sake bin ƙusoshin da sufana.

Don kada a sake komawa

Giyabos ba ya mutuwa dare ɗaya, halin direba ne ke cinye shi sannu a hankali. Ɗora hannu a kan sandar giya ana tafiya yana goge cokulan ciki. Barin ƙafa a kan kuloci yana kashe boris. Sa ribas mota ba ta gama tsayawa ba yana fasa haƙora, domin a yawancin tsofaffin motoci ribas ba shi da sinkiro. Sai lodi fiye da kima, da barin mai ya tsiyaye ba a duba ba. Rigakafi ya fi magani.

Wanda wannan bayani ya burge shi, ya sani akwai hanya a gaba. Ana rubuta darasin kanikancin mota a jarrabawar WAEC, kwalejojin fasaha suna shirya ɗalibai domin NABTEB, jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha kuma suna da sashen injiniyan injuna. Ƙannenmu mata, da ku muke. Sandra Aguebor, wadda aka fi sani da mace ta farko bakanikiya a Najeriya, ta kafa ƙungiyar koya wa mata gyaran mota, kuma ɗalibanta suna cin abinci da sana'ar.

Ga aikin gida guda biyu. Na ɗaya, faifai mai haƙora 14 yana juya mai haƙora 42. Idan ƙaramin yana juyi 2,400 a minti, nawa babban yake yi? Na biyu, bakanike ya danna sufana mai tsawon santimita 25 da ƙarfin niwton 200 noti ya ƙi motsi, sai ya zura mata bututu ta zama santimita 50. Nawa ne ƙarfin murɗawa kafin bututun da kuma bayansa, kuma me ya sa hakan yake da haɗari wajen ɗaurewa? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku da ajinku, za mu buga sunayen waɗanda suka ci.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A yi karatu lafiya.